Yadda Ake Haɗa Layin Mai da Saita Shi a Motar Tsere Mai Amfani da Naitiros

Tseren miƙaƙƙiyar hanya, wanda Amurkawa suke kira dirag, tsere ne na motoci biyu da suke tashi daga tsaye su yi gudun rubu'in mil, wato mita 402, ko kuma rabin haka, mita 201. Tun da Wally Parks ya kafa NHRA, hukumar shirya wannan tsere a Amurka, a 1951 wasan yake da rubutattun ƙa'idoji, kuma yanzu ana yin sa har a Turai da Ostareliya da ƙasashen Larabawa irin su Bahrain da Ƙatar. Daga cikin hanyoyin da masu wannan tsere suke bi don ƙara wa inji ƙarfi, babu mai arha da saurin ba da sakamako kamar iskar naitiros, wato nitrous oxide, wadda ake fesawa cikin inji tare da ƙarin mai, kuma babu mai saurin narkar da fistan kamarta idan aka yi sakaci da mai.

Dalili kuwa shi ne naitiros ba ita ce take ba da ƙarfi ba. Kusan kashi 36 cikin ɗari na nauyinta oksijin ne, alhali iskar da muke shaƙa kashi 23 kawai take ɗauke da shi. Idan ta shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyas, sai ta rabu ta saki wannan oksijin, injin ya sami damar ƙona mai fiye da yadda ya saba. Da wannan dabara Jamusawa suka ƙara wa jiragen yaƙinsu ƙarfi a sararin sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a tsarin da suka kira GM-1, kuma ita ce kamfanin NOS ya fara sayar wa masu motoci a Amurka daga 1978. Ƙarfin daga mai yake fitowa. In oksijin ya iso mai bai iso daidai da shi ba, wutar cikin silinda takan zama kamar ta mai walda, kuma daƙiƙa biyu sun isa ta huda kan fistan. Saboda haka duk aikin da za a bayyana a nan manufarsa ɗaya ce, a tabbatar cewa man da aka lissafa shi ne yake isa jet, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami da yake ƙayyade yawan abin da zai wuce, a lokacin da motar take gudu, ba a lokacin da take tsaye a gareji ba.

Lissafi kafin sayen kaya

Mataki na farko da takarda da alƙalami ake yin sa. Masu tsere suna auna mai da laba, wadda take daidai da giram 454, da kuma galan na Amurka mai cin lita 3.785. Injin fetur mai shan iska da kansa yana ƙona kusan rabin laba a kowace awa don kowane ƙarfin doki ɗaya, amma ƙarfin da naitiros take ƙarawa ya fi haka ci, don haka a yi masa lissafi da 0.65. A ɗauki misalin inji mai ƙarfin dawaki 700 wanda za a ƙara wa 400 da naitiros. Injin kansa zai bukaci laba 350 a awa, naitiros kuma laba 260, jimla 610. Galan ɗaya na fetur yana da nauyin laba shida ko ɗan fiye, ke nan ana bukatar kusan galan 102 a awa, wato lita 386.

Wannan adadi shi ne mafi ƙarancin abin da dole ya isa gaban mota. Lambar da ake rubutawa a kwalin famfo sau da yawa ta zubar man ce a buɗe, ba tare da matsi ko tiyo ko filta ba, kuma tana raguwa sosai da zarar an haɗa waɗannan. Shi ya sa za ka ga famfon da aka rubuta masa galan 300 ko 500 a kan motar da lissafinta bai wuce 100 ba, kuma ba almubazzaranci ba ne.

Tanki, famfo, da nauyin man da ke cikin tiyo

Mataki na biyu shi ne yanke shawara ko naitiros za ta sha mai daga layi ɗaya da injin ko za a yi mata nata. Ga ƙaramin ƙari, kamar dawaki 100 zuwa 150, famfo ɗaya mai ƙarfi da regileta (na'urar daidaita matsin mai) biyu yana iya wadatarwa. Da zarar an wuce dawaki 250, ni a ganina babu hujjar haɗa su. Kafireta tana buɗe allurarta tana rufewa a duk tsawon gudu, kuma kowace buɗewa tana jijjiga matsin layin. Ita kafireta tana da kwanon da yake ajiye mata mai, don haka ba ta damu ba, amma jet ɗin naitiros ba shi da ajiya ko ta ɗigo ɗaya, abin da matsi ya turo masa a wannan lokacin shi kaɗai yake shiga inji.

Akwai kuma abin da mutane da yawa suke mantawa da shi, wato nauyin man da ke cikin tiyo. Mota mai kyau tana tashi da fizga ninki biyu na ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi, wasu ma fiye. Idan tanki yana baya, layin kuma ya kai mita uku da rabi, to man da ke cikin layin yana komawa baya da matsin da ya ɗan haura psi 7 (psi ma'aunin matsi ne, laba a kan kowane murabba'in inci) a lokacin tashi. Famfon da matsinsa gaba ɗaya psi 7 ne zai ci gaba da ƙara yana juyawa, amma mai ba zai motsa gaba ba sai fizgar ta lafa, kuma a daidai wannan lokacin ne aka kunna naitiros. Maganin iri biyu ne. Ko dai a yi amfani da famfo mai tura psi 18 zuwa 30 a cikin layin sannan a rage matsin da regileta a kusa da inji, ko kuma a ɗora ƙaramin tanki mai cin galan ɗaya zuwa uku a gaban injin, da nasa famfon, ta yadda fizgar da take cutarwa za ta koma tana tura mai zuwa inda ake so. Na fi son na biyun, domin yana kuma ba da damar zuba wa naitiros mai mafi tsada ba tare da an cika babban tanki da shi ba.

Famfon lantarki ya iya turawa amma bai iya zuƙa ba, saboda haka a ɗaure shi ƙasa da matakin mai kuma kusa da tanki, a sa tiyon shigarsa ya fi na fitarsa faɗi. Idan aka takura masa ta wajen shiga, man yakan koma kumfa a cikinsa, geji ya riƙa rawa, famfon kuma ya lalace da wuri. Tanki yana bukatar mafitar iska mai faɗi da bawul mai rufewa idan mota ta kife. Layin da yake dawo da mai kuma a nisanta bakinsa da bakin da famfo yake sha, don kada kumfar da ya tayar ta koma cikin layi.

Tiyo, mahaɗai da filta

Motocin tsere suna amfani da mahaɗai samfurin AN, waɗanda suka samo asali daga jiragen sojan Amurka. Lambarsu tana nufin kashi nawa ne cikin goma sha shida na inci: lamba 6 ita ce uku bisa takwas, lamba 8 rabin inci, lamba 10 biyar bisa takwas, lamba 12 kuma uku bisa huɗu. Ga motar misalinmu, lamba 12 daga tanki zuwa famfo, lamba 10 daga famfo zuwa regileta, lamba 8 zuwa kafireta, lamba 6 zuwa solinoyid na mai, wato bawul ɗin da lantarki yake buɗewa, tsari ne mai kyau. Layin dawowa kada ya yi ƙasa da lamba 8, domin in ya matse regileta ba za ta iya sauke matsi ba.

Bakin AN an buɗa shi ne a digiri 37, kuma ƙarfe da ƙarfe ne suke haɗuwa su rufe, ba ya bukatar gam ko tef. Akwai mahaɗan kasuwa masu digiri 45 da suke kama da shi har su ɗauru a kansa, amma yoyo za su yi. Inda ake da zaren bututu kuwa, a shafa man rufe zare kaɗan, a bar zare biyu na farko babu komai. Farin tef ɗin da masu aikin famfo suke naɗawa kada ya kusanci wannan aiki ko kaɗan, domin ɗan guntunsa da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya toshe jet mai ramin 0.028 na inci, kuma silindar da wannan jet yake ciyarwa za ta sha naitiros zalla. Haka nan duk tiyon da aka yanka a wanke cikinsa a hure shi da iska kafin a ɗaura, saboda ɓurɓushin roba da na waya. Mahaɗar kwana mai lanƙwasa a hankali ta fi wadda aka huda a murabba'i barin mai ya wuce. Dokokin filayen tsere sun hana bi da layin mai ta ɗakin direba, kuma suna son a kāre shi da bututun ƙarfe inda ya gifta kusa da kulochi.

Filta biyu ake sawa. Kafin famfo a sa mai manyan ƙofofi, maikiron 100 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), don kada ta shaƙe shi. Bayan famfo a sa mai maikiron 40 idan kafireta ce, ko 10 idan injekta ce. In man yana da barasa a ciki, kamar E85 ko metanol, filtar takarda ba ta dace ba, sai ta ragar ƙarfe ko ta zaren gilashi.

Wayoyi ba sa bukatar dogon bayani, amma kowane famfo da kowane rukunin solinoyid ya sami nasa rile da fis da waya mai kauri, domin famfo yana rage gudu idan wutar batir ta sauka, kuma tana sauka ne daidai lokacin da solinoyid suka buɗe. A jera makunnai uku a layin da yake kunna naitiros: ɗaya mai aiki sai an take totur har ƙasa, ɗaya mai hana ta shiga idan juyin inji bai kai 3,000 a minti ba ko ya kusa iyakarsa, ɗaya kuma mai yanke ta idan matsin mai ya faɗi.

Gwajin zuba da saita matsi

Nan ne zuciyar aikin. Da farko a cire tiyo daga bakin regileta a saka shi cikin galan mai awo, a waje, nesa da wuta, da na'urar kashe gobara a kusa. Mutum ɗaya ya kunna famfo, ɗaya ya riƙe agogo. Galan 102 a awa yana nufin galan ɗaya cikin daƙiƙa 35, don haka in tsarin famfo ɗaya ne ya kamata ya cika shi cikin daƙiƙa 20 zuwa 25 kafin hankali ya kwanta. A rubuta wannan lokaci a littafi. Ranar da aka sake gwadawa aka ga ya ƙaru da daƙiƙa biyar, an san filta ta fara toshewa ko famfo ya fara gajiya tun kafin inji ya faɗa da kansa.

Sai saita regileta. Iri biyu ce: mai mayar da rarar mai tanki, da mai tare shi a wuri ɗaya. Ta biyun, wadda aka fi gani a layin naitiros, tana da wani hali da ya yaudari mutane da yawa. Idan mai ba ya tafiya, allurar geji takan riƙa hawa a hankali, ta nuna psi 8 ko 9, amma da solinoyid ya buɗe sai ta faɗo zuwa 5 ko ƙasa. Wanda ya saita matsi da mota a tsaye bai saita komai ba. Abin da ake yi shi ne a ɗaura abin gwaji a ƙarshen layi, wato ɗan guntun tiyo mai geji da jet a bakinsa, wanda yake zuba cikin galan. Masu tsere da yawa suna amfani da jet mai ramin 0.073 a matsayin ma'auni na dindindin, wasu kuma suna zaɓar wanda faɗinsa ya yi daidai da jimlar jet ɗin da ke kan motar. Kowanne aka zaɓa a tsaya a kansa, da geji ɗaya, a tsayi ɗaya, domin ɗaga shi sama ko sauke shi ƙasa yana sauya abin da yake nunawa. A kunna famfo, a bar mai yana zuba, a juya kusar regileta har allura ta tsaya a kan abin da jadawalin kamfanin da ya ƙera kayan ya faɗa, wanda yawanci tsakanin psi 5 da 6.5 ne a tsarin kafireta. A kashe, a sake kunnawa sau uku, a ga ko tana dawowa wuri ɗaya.

Dalilin wannan tsanani yana cikin lissafi. Yawan man da yake ratsa jet yana bin tushen murabba'in matsi ne. Faɗuwa daga psi 6 zuwa 5 tana rage mai da kusan kashi 9 cikin ɗari, alhali a tsarin injekta mai psi 43.5 asarar psi ɗaya kusan kashi ɗaya kawai take ragewa. Girman jet kuma ya fi haka tasiri, domin faɗin rami yana bin murabba'in awonsa: daga 0.028 zuwa 0.032 ƙarin kusan kashi 30 ne. Shi ya sa ake yin babban gyara da jet, ƙaramin gyara kuma da rubu'in psi a regileta.

Abu na ƙarshe a nan shi ne tazarar isowa. Naitiros tana tahowa da matsin psi 900, mai kuma da 6, don haka ita ce kullum take riga isa. A gajarta layin da ke tsakanin solinoyid na mai da nozul, wato bakin da yake fesawa cikin inji, gwargwadon iko, a fitar da iskar da ta maƙale a layin mai kafin kowane gudu, kuma a tsarin da kowace silinda take da nata nozul a daidaita tsawon bututun duka.

Tukunyar naitiros

Duk wannan wahala a banza take idan matsin tukunya yana yawo. Jadawalin jet an gina shi ne a kan psi 900 zuwa 950, wanda ake samu idan tukunya ta kai wajen digiri 29 zuwa 30. In ta yi sanyi matsi ya sauka, mai ya yi yawa, mota ta yi nauyi. In ta yi zafi matsi ya hau, mai ya yi ƙaranci, kuma da ta wuce digiri 36.4 naitiros ba ta zama ruwa kuma, sai lissafin jet ya rushe gaba ɗaya. A wuri mai sanyi ana naɗa mata bargon lantarki mai bin geji, a wuri mai zafi kuma inuwa da jiƙaƙƙen tawul ake nema mata. Kada a taɓa ɗumama ta da wutar walda ko ta gas, domin zafin yana raunana alminiyon ta yadda ido ba zai gani ba. A kwantar da ita bawul yana kallon gaba kuma a ɗan ɗage, takardar jikinta tana sama, don bututun cikinta ya kasance a inda fizga take tara ruwan, kuma a haɗa mata bututun da zai fitar da iskar waje da mota idan faifan kariya na bawul ɗinta ya fashe. Geji ba ya faɗar abin da ya rage a ciki, sai sikeli. Kafin tashi a danna bawul ɗin fesarwa har farin hayaƙi mai kauri ya fito, alamar ruwa ya iso bakin solinoyid.

Tayimin, fulogi da gudun farko

Cakuɗa mai naitiros tana ci da sauri, saboda haka dole a ja tayimin baya, wato a jinkirta lokacin da fulogi yake ba da wuta. Ƙa'idar da aka saba farawa da ita ita ce digiri biyu ga kowane dawaki 50, wato digiri 16 ga ƙarin 400, sannan a riƙa mayarwa rabin digiri ko ɗaya bisa abin da fulogi ya nuna. Fulogin ya zama mai sanyi, mai gajeren baki, da tazarar 0.025 zuwa 0.032 na inci. A samfurin NGK lamba mafi girma ita ce mafi sanyi, kuma 9 zuwa 11 ake gani a irin waɗannan injina. Man gidan mai ba ya ɗaukar wannan aiki, sai man tsere irin C16 ko C23 na kamfanin VP, kuma dalmar da ke cikinsu tana gajarta ran na'urar auna hayaƙi.

Kada a fara da 400. A tabbatar injin yana gudu lafiya ba tare da naitiros ba, sannan a sa jet na 150, a ɗaura sababbin fulogai, a yi gudun mita 100 kawai, a kashe inji nan take a jawo motar zuwa rumfa, domin tuƙa ta a sulo yana shafe shaidar da ake nema. A jera fulogan takwas a kan katako mai ramuka bisa lambar silinda, a ɗauki madubin ƙara girma mai fitila. A kan lanƙwasasshen ƙarfen bakin fulogi za a ga layin da launi ya sauya: in yana daidai gwiwar lanƙwasar tayimin ya yi, in ya gangara kusa da zare wuta ta yi gaba da yawa. Can ƙasan farin tangaran, inda ya haɗu da ƙarfe, akwai zoben hayaƙi siriri mai launin toka, kuma faɗinsa da duhunsa su ne suke nuna yawan mai. In aka ga ɗige-ɗige baƙaƙe kamar barkono, ko masu ƙyalli kamar azurfa, to cakuɗar tana fashewa maimakon ci a hankali, kuma masu ƙyallin nan alminiyon fistan ne. A nan ake tsayawa a ja tayimin baya, ba a sake gudu sai an gano dalili.

Na'urar auna hayaƙi takan nuna tsakanin 11.5 da 12.5 na iska ga ɗaya na mai a inji mai lafiya, amma matsakaicin silinda huɗu na gefe ɗaya na injin ne take faɗa, tana iya ɓoye guda ɗaya da take ƙonewa. Fulogi ne yake magana da bakin kowace silinda, kuma wadda ta fi zafi ita ake bi wajen saiti. Ina kuma jan kunne game da tsohuwar al'adar tsuga mai da yawa da sunan kariya. Man da ya wuce kima yana taruwa a bayan ringi, ya kama wuta a can ya ɗaga gefen fistan, sai mai motar ya zaci ƙaranci ne ya sake ƙarawa. Rage tayimin ya fi ƙara mai tsare inji.

Daga nan a riƙa hawa da dawaki 50 ko 100, abu ɗaya ake sauyawa a kowane gudu, ana rubuta jet da matsin mai da na tukunya da tayimin da zafin rana. Idan taya ta kasa riƙe ƙarfin a tashi ɗaya, a raba shi mataki biyu ko a sa na'urar da take shigar da shi sannu a hankali, amma a sani cewa tana yin haka ne ta buɗe solinoyid da rufe shi sau da yawa a daƙiƙa, don haka robar bakinsa tana saurin ci kuma sai an riƙa buɗewa ana dubawa. Bayan kowane gudu a rufe bawul ɗin tukunya a fesar da abin da ya rage a layi. In kuwa aka yi zargin naitiros ta zurara cikin manifol inji yana kashe, a cire wayar kwayil, a buɗe totur gaba ɗaya, a juya injin da sitata na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar kafin a mayar masa da wuta.